Kiwon kaji a gida lokacin bazara: yadda za a tsallakar da su zafin Kaduna

Da zarar hazon hunturu ya ɗage a ƙarshen Fabrairu, har zuwa saukar ruwan farko a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, zafin rana a Kaduna yakan kai digiri 36 zuwa 38, wata rana ma ya haura. Mutum yana da mafita, ya watsa ruwa, ya yi gumi, ya koma gindin bishiya. Kaza kuwa ba ta gumi ko kaɗan. Zafin jikinta kusan digiri 41 ne, ga gashi ya lulluɓe ta, kuma yanayin da take sakewa a cikinsa bai wuce digiri 18 zuwa 24 ba. Hanyar da ta rage mata ita ce haki. Za ku gan ta tsaye baki buɗe, maƙogwaro yana rawa, ta saki fukafukai sun yi nesa da jiki, ta ƙi kallon abinci. Idan aka bar ta a haka awa biyu ko uku, sai dai a zo a ɗauki gawa.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne, daga 2023 zuwa 2025 azumi da ƙaramar Sallah sun faɗo ne a Maris ko Afrilu, watannin da Ista ma take faɗowa, kuma mutane da yawa a Rigasa da Tudun Wada da Kawo da Kakuri suna zuba buroila, wato kajin nama masu saurin girma, domin kasuwar wannan lokaci. Kajin sukan kai mako 5 ko 6, sun yi nauyi, sun cika ɗaki, daidai lokacin da rana ta fi ƙuna. Su ne ke fara zubewa, kuma manyan cikinsu ne, waɗanda aka fi sa wa rai. Shawarata ita ce mai kiwo ya ajiye tsarin da ya saba da shi na hunturu, ya tsara komai a kan lokutan yini: abin da za a yi da asuba daban, na azahar daban, na dare daban.

Mataki na farko: gyara wurin zamansu

Ku shiga akurkin ko ɗakin kajin da ƙarfe 2 na rana, ku tsuguna daidai tsawon kaza, ku ɗan jima. Abin da kuka ji a fuskarku shi suke ji yini guda. Yawancin ɗakunan kaji na cikin gida rufin kwano ne mai gajeren tsawo, an jingina shi da katanga, kuma da rana tsaka ba shi da maraba da tanda. Magani mafi arha shi ne a shimfiɗa ciyawa ko zana ko karan dawa a saman kwanon, a ɗaure da waya saboda iska. Wanda ya fi ƙarfin haka ya shafa wa kwanon farin fenti ta waje. Idan akwai ruwa wadatacce, a riƙa yayyafa wa ciyawar da hantsi da kuma bayan azahar.

Sai iska. Ledar da aka zagaye ɗaki da ita lokacin sanyi a yaye ta gaba ɗaya daga wajen manyan kaji. Bangon ɗakin kaji a ƙasar zafi bulo biyu ko uku ya isa, sauran har sama raga. Ita ma ragar a kakkaɓe ta da tsintsiya, domin ƙurar hunturu da yanar gizo da ƙananan gashi sukan toshe ta har iska ta kasa wucewa. Wanda zai gina sabo ya miƙar da tsawon ɗakin daga gabas zuwa yamma don kada rana ta riƙa shiga ta gefe, ya kuma bar bakin rufin ya zarce bango da kusan mita ɗaya.

Buhun algarara da aka jiƙa aka rataye a gefen da iska ke shigowa yana sanyaya ɗaki sosai a watan Maris, lokacin da iskar take a bushe. A bar tazara tsakanin buhu da buhu, kada a toshe gefen baki ɗaya.

Cunkoso kuwa shi ne babban makashi. Ɗaki mai ƙafa 10 da 10 kada ya ɗauki fiye da manyan buroila 60 zuwa 65 a bazara, masu ƙwai kuma 40 zuwa 45. Idan sun fi haka, gara a sayar da wasu tun suna mako 5 da a zuba ido ana kwasar mushe. Shimfiɗar ƙasa, ko ɓuntun katako ne ko na shinkafa, a rage kaurinta zuwa kamar faɗin yatsu biyu ko uku, saboda mai kauri tana tara zafi, kaza kuma tana so ta tona ta manna ƙirjinta da ƙasa mai sanyi.

Kajin Hausa da ke yawo a tsakar gida sun fi juriya, musamman masu wuya marar gashi, amma su ma suna buƙatar inuwar da ba ta gushewa. A yi musu 'yar rumfa, a yayyafa ruwa a ƙasanta, a tara musu yashi gauraye da toka a gefe guda su riƙa birgima. Wannan birgimar tana rage musu ƙuma da kwarkwata, waɗanda ke yawaita da zafi.

Mataki na biyu: ruwa

A nan nake so mai karatu ya fi tsayawa, domin yawancin asarar bazara daga nan take. Babbar kaza mai ƙwai takan sha kimanin rubu'in lita a yini idan gari da sanyi, da zafi kuwa tana iya ninka wannan. Ke nan kaji 50 suna iya shanye jarka guda mai lita 25 a rana, ban da wanda suka zubar. Wanda yake sayen ruwa a wajen 'yan garuwa ya sa wannan a lissafinsa tun kafin ya sayo tsaki.

Yawan ruwan kaɗai bai isa ba, sanyinsa ma abin dubawa ne. Ku tsoma hannu a mazubin ruwansu da azahar. Idan kuka ji ɗumi, to ku sani sun daina sha ko da mazubin a cike yake, kuma kazar da ta daina shan ruwa ta daina cin abinci. Baƙin tankin roba da ke zaune a rana da jarkar da aka bari a tsakar gida duk ruwan ɗumi suke bayarwa. Randa ko tulun ƙasa a inuwa, an ɗora shi a kan jiƙaƙƙen yashi an rufe bakinsa, ya fi su nesa ba kusa ba, kuma ba ruwansa da ɗaukewar wutar lantarki. A cika randar da dare, a riƙa ɗiba daga ciki washegari. A sauya musu ruwa aƙalla sau uku: da sassafe, da hantsi ya ɗaga, da kuma tsakanin azahar da la'asar. Idan an samu ƙanƙara a jefa ƙulli ɗaya a kowane mazubi a wannan zubin na ƙarshe.

A ƙara yawan mazuban, a rarraba su, ta yadda kaza ba za ta yi tafiyar da ta wuce taku kaɗan ba kafin ta kai ga ruwa. Buroila mai nauyi idan ta kwanta da zafi ba ta son tashi, ƙishirwa na iya kashe ta alhali ruwa yana can ƙarshen ɗaki. Saboda haka yana da kyau mutum ya ratsa cikinsu a hankali sau ɗaya ko biyu da rana, ba tare da ya firgita su ba. Suna miƙewa zafin da ya taru a ƙarƙashinsu zai fita, kuma da yawansu za su nufi ruwa. A wanke mazubi kullum, saboda da zafi santsi da kore sukan kama shi cikin kwana biyu.

Shagunan magungunan dabbobi suna sayar da garin bitamin da gishirin jiki na rage wahalar zafi, har da bitamin C. A bi awon da ke jikin fakitin, a zuba a ruwan safe a ranakun da suka fi zafi. Ga masu ƙwai, ƙaramin cokali ɗaya a shafe na bekin soda a lita 4 zuwa 5 na ruwa yana taimakawa. Dalili kuwa, yawan haki yana fitar da iskar da jikin kaza ke amfani da ita wajen gina ɓawon ƙwai, shi ya sa ƙwan bazara yakan zo ƙarami da ɓawo marar kauri. Wasu kan sa kanwa a madadinta, ni dai ba na ba da wannan shawara, domin ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne, ba a iya auna ta daidai. Kafson mutane da ake ɓarewa a zuba wa kaji kuwa ba ya maganin zafi ko kaɗan, ɓarnar kuɗi ce, kuma yana sa magani ya daina aiki ranar da ake buƙatarsa da gaske.

Mataki na uku: sauya lokacin abinci

Narkar da abinci yana haifar da zafi a jikin kaza, kuma zafin yakan kai ƙarshensa 'yan awowi bayan ta ci. Kazar da ta cika ciki da ƙarfe 11 za ta haɗa zafin ciki da na rana da ƙarfe 2. Don haka a zuba abinci tun bayan sallar asuba, su ci su ƙoshi da sanyin safiya. Buroilar da ta wuce mako 3 a ɗage mata abinci daga wajen ƙarfe 10 har bayan la'asar, a bar ruwa kawai. Da yamma a mayar, a kunna musu fitila mai caji ko ta sola su ci gaba da ci har dare. Abin da suka rasa da rana za su rama shi da dare.

Ɓawon kankana da ganyen zogale da ragowar latas ko kabeji suna da amfani ga kajin gida da rana. Masu ƙwai a ajiye musu ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka a wani kwano daban. Jiƙaƙƙiyar dusa kuwa a ba su daidai wadda za su cinye nan take, saboda tana tsami da wuri. Kada a sayi abincin da zai wuce mako 2 ko 3 a ajiye, a ɗora buhun a kan katako a ɗaki mai sanyi.

Mataki na huɗu: 'yan tsaki

Lamarin tsaki ya bambanta, kuma a nan ake yin kuskure iri biyu masu karo da juna. Wani ya ce ai gari da zafi, ba sai an kunna musu wuta ba. Wani kuma ya rufe su ruf da leda ya hura gawayi dare da rana kamar a watan Janairu. Duka biyun suna kashe tsaki. A makon farko tsako yana buƙatar digiri 32 zuwa 35, sannan a riƙa ragewa da kusan digiri 3 kowane mako. Ranar bazara a Kaduna ta kai wannan har ta wuce, amma kafin asuba gari yakan sauko zuwa wajen digiri 22 ko 23, wanda sanyi ne ga tsakon kwana uku. Ke nan da rana a kashe wuta a ɗage leda, da dare a sauke ledar a bar kafa ta sama, a kunna ɗumi. Zuwa kwana 10 ko mako 2 yawanci an gama da wuta.

Shiri yana farawa tun kafin su iso. A share ɗakin, a wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi ya bushe kwanaki. A zagaye wuri da kwali ko silin ya zama da'ira marar lungu, don kada su taru a kusurwa su danne juna. A zuba ɓuntun katako mai ɗan girma, ban da garin zarto mai laushi wanda suke tsattsaga ya toshe musu ciki, a shimfiɗa takarda a kai na kwana biyu ko uku.

Yawancin tsakin da ake sayarwa a Kaduna daga Ibadan ake ɗauko su a mota, tafiya mai tsawo, saboda haka a galabaice suke isowa. A karɓo su da sassafe, kada a sa kwalinsu a but ɗin mota, kada a tsaya cefane da su a cikin Keke. Da an iso gida ruwa ne farko: a zuba sukari ko gulukos cokali biyu na cin abinci a lita ɗaya, a kama tsako ɗaya bayan ɗaya a tsoma bakinsa. Wannan ruwan na awowin farko ne kawai, daga nan a koma ruwan bitamin. Bayan awa ɗaya ko biyu a barbaɗa abincin tsaki a kan takarda da faranti. Tsaki 50 a ba su ƙananan mazubai uku, idan kuma faranti ne a jera tsakuwa a ciki don kada su faɗa su jiƙe. Tsako ba a ɗage masa abinci da rana kamar manya.

Washegari da safe a ɗauki kamar guda goma daga wurare daban-daban, a shafa jakar abincin da ke ƙasan wuyansu ta dama da ɗan yatsa. Idan ta cika kuma da laushi, ya ci ya sha. Idan ta yi tauri har ana jin ƙwayoyin abinci, ya ci bai sha ba, a matso da ruwa. Idan babu komai, wannan tsakon yana buƙatar a sake nuna masa ruwa da abinci. A taɓa ƙafarsa a kumatu ko bayan hannu, in da sanyi to ɗumin dare bai isa ba.

Ma'aunin zafi yana da kyau a rataye shi daidai tsawonsu, amma su kansu tsakin sun fi shi faɗin gaskiya. In sun dunƙule a jikin wuta suna kuka da ƙarfi, sanyi suke ji. In sun gudu sun manne da kwali baki buɗe, zafi ya yi yawa. In sun koma gefe guda, iska ce ke bugunsu ta wata kafa. In sun bazu ko'ina, wasu na ci wasu na barci, an dace. Kashi da ke manne wa tsako a dubura shi ma sau da yawa alamar zafi ne da ƙarancin ruwa, a jiƙa shi da ruwan ɗumi a goge a hankali, kada a fizge.

Mai amfani da gawayi ya hura shi a waje har hayaƙi ya ƙare ya yi ja, sannan ya shigar da kaskon ya ɗora a kan bulo, ya kare shi da raga. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba marar wari, tana kashe tsaki, tana kashe mutum. Kada a kwana ɗaki ɗaya da shi, kada kuma a toshe kafar sama.

Tsakin da uwarsu ta ƙyanƙyashe a gida sun huta da batun wuta, ita ce ɗuminsu. Amma kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, kuma da bazara ciyawa ta bushe babu maɓoya. A kife su da uwar a babban kwando ko keji a inuwa na mako 3 zuwa 4, ana matsar da shi idan rana ta juyo, a ba su tsakin gero ko masara da ɗan garin ƙuliƙuli, da gara idan an samu.

Ƙwai da kaza mai kwanci

A kwashe ƙwai sau biyu ko uku a yini, a ajiye a wuri mafi sanyi a gidan. Wanda za a sa wa kaza kada ya wuce mako guda da sakawa, kuma 8 zuwa 10 sun ishi kazar Hausa. Kwana 21 za ta yi a kai, saboda haka a duba wurin da ta zaɓa: idan rana tana dukansa ko ƙarƙashin kwano ne, a mayar da ita wuri mai sanyi da dare. A ajiye mata ruwa inda za ta kai da taku biyu, a barbaɗa toka a ƙarƙashin shimfiɗarta saboda ƙuma.

Mataki na biyar: rigakafi ba tare da zafi ya lalata shi ba

Na cutar Gumboro da kuma Lasota, wanda ke kare kaji daga cutar Niyukasil, su ne rigakafin da ake ba tsaki a makonni huɗu na farko, a nemi jadawalin wajen wanda ya sayar da su ko likitan dabbobi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin waɗannan, tana kuma yin wanda ake kira I-2 mai ɗan jure zafi, wanda ake ɗiga wa kajin gida a ido duk bayan wata 3 zuwa 4 saboda annobar Niyukasil. Rigakafi abu ne mai rai, zafi yana kashe shi. A je saye da fulas da ƙanƙara, a saya inda ake da tabbacin firjinsu yana aiki. A bayar da asuba. A ɗauke ruwa na kimanin awa ɗaya kawai kafin nan, a haɗa da ruwan rijiya mai tsabta ko na famfo da ya kwana a buɗe, a sa garin madara kamar rabin ƙaramin cokali a kowace lita, a tabbatar sun shanye cikin awa biyu. Kama kaji, sauya musu ɗaki, kai su kasuwa, duk a yi su da sassafe ko bayan magariba.

Idan kaza ta faɗi

A ɗauke ta zuwa inuwa mai iska, a tsoma ƙafafunta da ƙirjinta a ruwan randa, a jiƙa ƙarƙashin fukafukai, a kiyaye kai da hanci. Ban da ruwan ƙanƙara. A kusanto mata da ruwa ta sha da kanta, kada a ɗura, yana iya bin hanyar numfashi. Sannan a koma kan sauran nan da nan, domin idan ɗaya ta faɗi wasu suna hanya.

A kula da bambancin zafi da cuta. Mutuwar zafi takan zo ne tsakanin azahar da magariba, ta fi ɗaukar masu ƙiba, kuma da gari ya yi sanyi sauran sukan warware su ci abinci. Idan kuwa suna mutuwa dare da rana, ga koren zawo, ko murɗewar wuya, ko kumburin fuska da zanko ya yi shuɗi-shuɗi, wannan ba zafi ba ne. A nan jihar, a yankin Jaji, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Afirka a Fabrairun 2006, don haka ba abin wasa ba ne a wurinmu. Irin waɗannan kaji ba a yanka su a ci, ba a kai su kasuwa. A binne waɗanda suka mutu da zurfi, a hana yara taɓawa, a sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana duba gawar kaza ya gano abin da ya kashe ta.

Lokacin da hadari ya fara haɗowa

Makonnin ƙarshen Afrilu da farkon Mayu suna da nasu haɗarin. Iska takan yi nauyi da laima, zufa ta yi yawa, kuma a irin wannan yanayi haki ba ya sanyaya kaza kamar da. A sauke jiƙaƙƙun buhuna, a daina yayyafa ruwa a cikin ɗaki, a dogara da buɗe iska da ruwan sha mai sanyi. A sake ɗaure ciyawar rufi da kwanon saboda guguwar ruwan farko, a tanadi leda a naɗe a gefen gabas wadda za a saki idan ruwa ya taso a kuma naɗe ta da ya ɗauke. Duk inda shimfiɗa ta jiƙe a kwashe ta a ranar a zuba busasshiya, domin jiƙaƙƙiyar shimfiɗa da ɗumi su ke kawo cutar kashin jini ga tsakin mako 3 zuwa 6. Abincin da ya dunƙule ko ya yi warin fumfuna a zubar da shi, kada a ce za a shanya a sake ba su.